Atamfa Mai Ganyen Gwanda

Shekarar da aka ce za a tura Baba ƙasar Jos ya ƙaro ilimin aikin dabbobi, ina Kurfi wurin Gwaggo. Can na tashi. Ni ce ɗiyar fari a gidanmu, mahaifiyata kuma Bafillatana ce ta wajen Makera, irin waɗanda ba su wasa da kunyar ɗan fari. Ana yaye ni Gwaggo, yayar Baba, ta zo Dutsin-Ma ta goya ni ta tafi da ni. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya rasu ya bar ta a wani ɗan gida kusa da marina. Mu biyu muke zaune, sai awakinta. Tana kaɗin auduga, ni ina kai zare wurin masaƙa.

Dutsin-Ma sai da dalili nake zuwa, suna ko rasuwa, wani lokaci Sallah. In na je nakan durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe da Inna, ta amsa tana kallon wani wuri. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana so a ba ni abinci sai ta ce wa ƙanwata, "Kai wa 'yar Kurfi." Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin ƙiyayya, har ni kaina. Haka aka san uwa mai kunya tana yi. Amma sanin haka bai hana ni tsayawa ina kallon yadda ƙannena ke hawa jikinta suna jan ɗankwalinta ba.

Wani mai sayar da gishiri da ke cin kasuwannin nan biyu shi ya kawo saƙon. Ya tsaya a zaure ya ce wa Gwaggo, ƙanenta ya ce a turo yarinya, za a ɗauki hoton iyali kafin ya tafi, kuma za a yi wa kowa ɗinki iri ɗaya. Lokacin kaka ne, ana ta cirar gyaɗa.

"Hoto kuma," in ji Gwaggo bayan mutumin ya wuce. "Ubanki tun da ya shiga aikin hukumar En'e ba abin da ba zai ɗauko ba."

Na ce, "Ke ba ki zuwa, Gwaggo?"

"Ke aka ce. Wa zai duba mani awaki?"

Ta wanke mani kayan Sallata, ta ƙulla su cikin tsohon zane, ta haɗa ni da wata maƙwabciyarmu mai sayar da daddawa. A bayan motar kasuwa muka zauna, bisa buhuna. Muka yi ta tafiya har na hango dutsen garin.

Na tarar gidan ya riga ya cika da zancen hoto. Ƙannena maza biyu suna ta gwada yadda ake tsayawa, ƙirji a banƙare, kamar 'yan doka. Ƙanwata, wadda ke bi mani, ita ce bakin gidan, ba ta gajiya da surutu. Sai jaririya da ke bayan Inna, wadda rabona da ita tun ranar sunanta. Baba ne kaɗai ya yi mani maraba da baki. "Uwata ta iso," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa aka sa mani. Ya tambayi Gwaggo da awakinta, ya dafa kaina, ya fita wurin aiki.

Ɗinkin maza ba a sha wahala ba. Baba ya ce farin yadi za a yanka, shi kaftani, yaran jamfa, da huluna iri ɗaya. Na mata ne aka yi ta kai da kawowa. Washegari da hantsi dillaliya ta shigo da ƙullinta a ka, ta shimfiɗa tabarma a gindin itacen bedi da ke tsakar gida, ta baje atamfofi. Ban taɓa ganin sabon zane da yawa haka wuri ɗaya ba. Ƙanshinsu ma daban ne. Maƙwabta mata suka leƙo ta katanga, wasu suka zagayo suka zauna.

Ƙanwata ta rungume wata koriya mai ɗigo-ɗigo ta ce ita dai wannan. Wata maƙwabciya ta ce ja ya fi ɗaukar ido. Ana cikin haka Baba ya shigo ɗaukar wani abu, ya tsaya ya duba.

"Kada ku wahalar da kanku da launi," in ji shi. "Mai hoton ya ce ba ya fitowa. Ja da kore duk baƙi-baƙi suke komawa. Ku nemi mai manyan fure, wadda za a gani daga nesa."

Matan suka bari ya fita, sannan suka ci gaba da gardamar launi kamar bai yi magana ba.

Ni ina zaune a bakin tabarmar, hannuna cikin cinya. Ba wanda ya hana ni taɓawa, ba kuma wanda ya ce in taɓa. Can sai na ji Inna ta ce wa ƙanwata, "Tambayi 'yar Kurfi wacce ta yi mata."

Duk aka juyo ana kallona. Akwai wata mai duhu, shuɗiya kamar an fito da ita daga marina, da 'yan fararen layuka. Irin wadda Gwaggo ke tsayawa ta shafa a kasuwa sannan ta wuce. Ita na nuna.

Ƙanwata ta fashe da dariya. "Wannan ai ta tsofaffi ce. Yaya ta zauna da tsohuwa ta zama tsohuwa."

Matan suka taya ta. Dillaliya ta ce yarinyar ta san mai ƙarko, amma ba ta hoto ba ce. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga shuɗiyar ta duba bakinta, ta ninke ta ajiye gefe. Daga ƙarshe wata mai ruwan ƙwai aka ɗauka, mai manyan ganyaye kamar na gwanda. Kowa ya ce ta yi. Ni ma da aka kalle ni na ce ta yi.

A lokacin tela ba ya shiga gida ya auna mata. Tsohuwar riga ake kai mashi ya ɗora ya yanka. Da yamma Baba ya ce a tattaro mashi rigunan awo. Inna ta shiga ɗaki ta fito da tata, da ta ƙanwata, da 'yar ta jaririya. Sai ta koma ta buɗe adudunta, can ƙasa ta zaro wata riga mai ɗigon ja, a ninke tsaf. Tawa ce. Na manta ta a gidan a wani zuwa da na yi, damina biyu ko fiye da suka wuce. Na ɗauka tuni ta zama tsumma.

Ina gani ta haɗa ta cikin sauran. Na san rigar nan ta yi mani kaɗan. Wadda ta dace tana cikin ƙullina a ɗaki. Amma ban san wa zan faɗa wa ba. Inna ba a yi mata magana sai gaisuwa, Baba ya riga ya sa takalmi, ƙanwata kuwa za ta mayar da abin wasa. Na bar shi ya fita da su.

Kwanakin jiran ɗinki sun yi mani tsawo. Gidan yana da zantukansa da ban san tushensu ba. Wani zai ce kalma ɗaya kowa ya kwashe da dariya, ni ina murmushi don kada a ce. Ban san inda ake ajiye ludayi ba, ban san wace kaza ce ta wa ba. In na ɗauki tsintsiya sai a ce in bari, baƙuwa ba ta shara. In na zauna kuma sai in ga ni kaɗai ce a zaune. Na koma bin ƙanwata ɗiban ruwa, ko da tulunan gida a cike suke. A hanya ƙawayenta sukan tambaye ta, "Wace ce wannan?" Ta ce, "Yayarmu ce ta Kurfi." Su ce ashe tana da yaya.

Aka kira mai kitso ta yi mana iri ɗaya ni da ƙanwata. Aka ƙunsa mana lalle. Wannan na ji daɗinsa, don muna zaune ƙafa a ƙunshe ba mai iya tashi, dole ta zauna da ni ta ba ni labarin kowa a unguwar.

Ana gobe hoto, da safe, yaron tela ya kawo ɗinki. Kowa ya ɗauki nasa ya ruga ɗaki. Inna riga da zane da ɗankwali, har da mayafi na atamfar. Jaririya an yi mata 'yar riga mai tattara a wuya. Tawa na sa kai ya wuce, hannu ɗaya ya shiga, ɗayan ya ƙi. Da ƙyar na ja ta ta sauka, ta tsaya sama da cibiya, ta kama mani ƙirji har numfashi na yi mani wuya. Ƙanwata ta fara dariya, da ta kalli fuskata sai ta bari. Ita ta taya ni cire ta.

Aka gaya wa Baba. Ya aika wurin tela, aka dawo aka ce ba abin da ya rage sai ƙyallaye. Aka aika gidan dillaliya, aka ce ta tafi cin wata kasuwa da sauran kayanta. Baba ya tsaya a tsakar gida yana juya rigar a hannu, ransa a ɓace. Mutum ne mai son abu ya tafi yadda ya tsara.

"To, ba yadda za a yi," in ji shi. "Uwata, ki ɗaura zanen, ki sa rigar Sallarki, ki tsaya daga baya. Ba za a lura sosai ba."

Na ce to. Na zagaya bayan rumbu na zauna. Ban yi kuka ba, amma na yi ta tunanin motar Kurfi, da ko zan iya gane hanya a ƙafa.

Bayan azahar ƙanwata ta zo ta ce Inna na kira. Na tarar da ita zaune a ƙofar ɗakinta, rigata a kan cinyarta, ta riga ta farke gefunan da reza. Kusa da ita ga sabon mayafinta, ta yanke mashi baki tun daga wannan ƙarshen har wancan. Ta miƙa wa ƙanwata wani zaren kaba ta ce, "Auno ta."

Ƙanwata ta zagaya mani kabar a ƙugu, ta saki, ta sake kamawa, ta manta inda ta riƙe.

"Ba haka ba," in ji Inna.

Ta sake gwadawa, kabar ta tsinke. Inna ta dubi guntun kabar. Sai ta ajiye rigar ta miƙe.

"Ce mata ta juya baya."

Na juya tun kafin a maimaita. Na ji tafin hannunta a kafaɗata, yana tafiya taƙi-taƙi daga wannan gefe zuwa wancan. Hannun da sanyi, yana ƙanshin man shanu da hayaƙi. "Ta ɗaga hannu," in ji ta, har yanzu da ƙanwata take magana. Na ɗaga. Ta auna daga hammata zuwa ƙugu. Ban san ko ta taɓa riƙe ni ba bayan yaye, amma ni dai wannan ne na farko da zan iya tunawa. Na ƙura wa katanga ido, na riƙe numfashi kada in yi wani motsi da zai sa ta fasa.

Da ta gama sai ta ce, a hankali, ba da kowa ba, "Ta yi tsawo."

Ta koma ta zauna ta zura zare a allura. Ba ta ce in tafi ba, ni kuma ban tafi ba. Na zauna a kan turmi nesa kaɗan ina kallon hannunta. Ta ƙara ƙyalle a kowane gefe, ta ƙara wani a ƙasa, tana juya shi har ganyen ya haɗu da ganye. Jaririya ta yi kuka, Inna ta ce a miƙa mani ita. Ran nan girkin yamma ya makara. Baba ya dawo ya ga mayafin, ya ce, "Kin ɓata abinki."

"Ya ishe ni, Malam," in ji ta.

Kafin magariba ta cije zaren ta ba ƙanwata rigar ta kawo mani. Ta zauna mani daidai.

Mai hoton mutumin kudu ne, yana da ɗan shago kusa da tasha. Da hantsi ya zo, Baba ya yi mashi iso har tsakar gida, abin da maƙwabta suka daɗe suna zancensa. Ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku, ya rataya wani labule a jikin katanga, an zana gidan bene da itatuwan da ba irin namu ba. Yaran unguwa suka hau katanga suka jeru. Mu kuma muka fito ɗaya bayan ɗaya, an sha kwalli, ƙafa ta yi ja da lalle. Da na ga mu huɗu cikin ganyen gwanda, har da jaririya, sai na ji wani abu ya kwanta mani a rai. Duk wanda ya shigo gidan a wannan lokacin ba zai tambayi wace ce ni ba.

Aka ajiye wa Baba kujera a tsakiya, Inna a wata kusa da shi, jaririya a cinyarta. Mai hoto ya dube mu ya fara jera mu da Hausarsa ta kasuwa. Ya kama hannuna ya kai ni bayan Inna.

"Babbar yarinya nan. Sa hannu a kafaɗar mama."

Na ɗaga hannun. Kafin ya sauka Inna ta sunkuya kamar tana gyara wa jaririya riga, ta miƙa hannu ta jawo ƙanwata ta tsayar da ita a wurin. Mai hoto ya fara cewa ai babba ce ta kamata, ƙaramar ba za a gan ta da kyau ba. Baba ya ce, "Bar su. Ba a haka a wurinmu."

Aka mayar da ni ɗaya gefen, bayan yaran maza, can ƙarshe inda labulen ya kusa ƙarewa. Mutumin ya shige cikin baƙin ƙyallensa, ya fito ya gyara wa ƙanena hula, ya sake shigewa. Ya ce kowa ya daina motsi. Ya cire murfin gaban akwatin, ya mayar. Ya ce an gama.

Ƙanena ƙarami ya tambaya, "Shi ke nan?" Aka yi dariya. Inna ta tashi ta shige ɗaki. Kafin a yi azahar an tuɓe kayan an ninke, an ce sai Sallah.

Kashegari maƙwabciyarmu mai daddawa ta biyo ta ɗauke ni. Hoton bai fito ba tukuna. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi sallama, Inna ta ce a gaishe da Yaya, wato Gwaggo, ta ba ƙanwata ƙwaryar man shanu ta miƙo mani. Baba ya raka ni har mota. Ya ce in riƙa yi mashi addu'a, ƙasar da za shi an ce akwai sanyi.

Gwaggo na tarar tana ba awaki harawa. Ta rame mani a ido, ko kuwa gidan ne ya yi mani faɗi bayan hayaniyar can. Ta ce tun da na tafi ba ta ɗora tukunyar tuwo ba, wa za ta yi wa, fura take damawa ta sha. Ta ce in kwance ƙulli ta ga kayan hoto. Ta ɗaga rigar a rana, ta juya cikinta, ta bi ɗinkin gefen da yatsa.

"Wannan ba aikin keke ba ne," in ji ta.

Na ba ta labari tun daga dillaliya. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na zo wurin tsayuwa ta ce, "Uwarki ke nan. Ko ranar da na ɗauko ki ba ta fito ba. Sai da muka kai zaure na jiyo ta tana daka, alhali ba lokacin daka ba ne." Ta ninke rigar ta sa a ƙarƙashin kayanta, ta ce in je in kai zare, masaƙa sun aiko.

Baba ya tafi da hoto ɗaya, aka bar ɗaya a gida. Ban gan shi ba sai da babbar Sallah, da Gwaggo ta tura ni in gaishe su tun da maigidan ba ya nan. An sa shi cikin gilashi, an jingina a ɗakin Inna tsakanin jeren tasoshinta. Da rana tana madafa, yaran sun fita yawon Sallah, na shiga na ɗauko shi na tsaya wajen ƙofa inda haske yake.

Gaskiyar Baba, launi bai fito ba. Ganyayen dai sun fito, manya-manya, kuma ba mai iya gane inda aka yi ƙari a rigata. Na ga Baba ya haɗe fuska, yaran sun zaro ido, hannun jaririya ya zama hazo don ta motsa. Ga ni can a ƙarshe, doguwa, rabin kafaɗata ta fita daga labulen.

Sai na dubi Inna. A hoton ba ta kawar da kai ba, don an ce kowa ya kalli akwatin. Ban taɓa samun damar kallon fuskarta sosai ba sai ranar. Ashe tana da ɗan tabo a gefen gira. Ashe ba ta kai shekarun da nake ba ta ba. Na dubi hancinta da goshinta, na dubi na doguwar yarinyar da ke ƙarshe, na sake dubanta. Na daɗe a tsaye a wurin.

Na ji ta tana kwashe tuwo, tana kiran ƙanwata, ba amsa. Ta sake kira. Sai ta ce, "Wa ke nan ya zo ya ɗauki kwanon nan?" Ba kowa a gidan sai ni. Na goge gilashin da bakin zanena, na mayar da shi tsakanin tasoshin, na fita na ɗauka.